Jagoran fatsa ya ɗaga mana fita daga asuba zuwa ƙarfe 10, da hujja ko wayo ne?

Baban Ilham:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman wanda ya san harkar fatsa a ruwan gishiri ya warware mini wani abu, kafin in yi abin da zan dawo ina cizon yatsa.

Mahaifina shekarunsa 71. Tun ina yaro in aka ɗauko hirar kifi ba ya gajiya, ya yi fatsa a kogi da tafki iya rayuwarsa, amma bai taɓa jefa ƙugiya a teku ba. Bana Allah ya nufa za mu kasance tare a ƙarshen Oktoba, sai na ce bari in yi masa abin da zai daɗe yana ba da labari. Na kama jagora mai ƙaramin jirgi a gaɓar jihar Luwiziyana ta Amurka, cikin fadamun nan na kusa da bakin kogin Misisipi, fitar rabin yini, mu biyu da shi. Ba tsakiyar teku za mu nausa ba. Irin fitar nan ce ta bakin gaɓa, inda ruwa wani wuri iya gwiwa, wani wuri ma bai kai ba. Da gangan na zaɓi hakan, don Baba yana fama da gwiwar hagu, kuma na san jirgi mai tangal-tangal zai juya masa ciki tun ba a je ko'ina ba.

To jiya da yamma jagoran ya kira ni. Da farko mun yi da shi za mu tashi da sassafe, gari na wayewa muna kan ruwa. Yanzu ya ce in ba damuwa mu mayar da shi ƙarfe 10 na safe, wai ya duba jadawalin cikowa da janyewar ruwan teku na ranar, sai wajen hantsi ruwa zai fara janyewa, kuma yana so rana ta ɗaga. Ya ƙara da cewa in iska ta juya a makon, zai iya sake kirana mu matsar da ranar gaba ɗaya.

Ni dai abin bai kwanta mini ba. Duk wanda na sani mai fatsa, har da Baba, maganarsa ɗaya ce: kifi da asuba yake ci, in rana ta take sai ka naɗe zarenka. Da na gaya wa Baba sai ya yi dariya ya ce wannan jagora barci yake so. Ni kuma zuciyata ta raya mini ko ya samu wasu ne da suka kama fitar safe, yana so ya ci biyu a rana ɗaya, mu ya tura mu lokacin da kifi ya riga ya kwanta.

Akwai kuma tambayoyin da ya yi mini da suka ɗan sosa mini rai. Ya ce nisan jifana nawa ne, kuma in aka ajiye mini faifai a taku 15 zan iya saukar da ƙugiya a kansa? Na ce masa sosai ma. Gaskiyar magana ban taɓa gwadawa ba, kunya ce ta hana ni cewa ban sani ba. Sannan ya tambaye ni, muna son mu ga kifi mu jefa masa ne, ko dai muna son sanda ta yi ta lanƙwasa kawai? Ban gane bambancin ba, na ce duka biyun.

Abin da nake son sani: shin maganar ruwa da rana ɗin nan gaskiya ce? Kuma me ya sa kowa ke cewa kaka ce lokacin wannan fita, har jagororin suke cika tun watanni kafin nan? In wayo ne gara in sani yanzu in nemi wani, saura mako uku.

Malam Na-Gwangwala:

Wa alaikumus salam Baban Ilham. Allah ya saka maka da alheri kan abin da kake shirya wa mahaifinka. Kada ka canza jagoran nan. Wanda zai kira ka tun saura mako uku ya yi maka maganar jadawalin ruwa, ya fi wanda zai ce maka "duk lokacin da kake so" sau goma.

Maganar Baba gaskiya ce a kogi da tafki, kuma gaskiya ce a teku lokacin zafi. A watan Yuli ruwa marar zurfi yana ɗaukar zafi kamar an ɗora shi a wuta, ruwan zafi kuma iskar numfashi da ke cikinsa kaɗan ce, don haka kifi yakan ci da sanyin safiya ya koma rami. Amma a bakin teku akwai agogo na biyu wanda tafki ba shi da shi, wato cikowar ruwa da janyewarsa. Wata da rana ne ke jan ruwan. A yawancin gaɓoɓin duniya yana cikowa sau biyu ya janye sau biyu a yini, tsakanin cika da cika awa 12 da minti 25, kuma kullum yana makara da kamar minti 50 a kan na jiya. Shi ya sa ba a yanka lokacin fita da agogon bango. Lokacin da ya yi kyau ranar Litinin, kafin Juma'a ya goce da awa uku da wani abu.

Abin da kifi ke jira shi ne ruwa mai tafiya. In ruwa ya ciko ya shiga cikin ciyawar fadama, jatan lande da ƙananan ƙaguwa da 'yan kifaye suna bin sa su ɓuya a ciki. In ya fara janyewa, dole su fito, kuma ba ta ko'ina suke fitowa ba, sai ta 'yan magudanan da ruwa ya sassaƙa a cikin laka, wasu faɗinsu bai wuce ƙofar ɗaki ba. Manyan kifaye sun san da haka. Sai su zo bakin magudanar su tsaya suna fuskantar ruwa, abinci na zuwa musu har baki. In ka iso wurin a daidai wannan lokaci, ko makaho sai ya kama. In ka iso ruwa na tsaye cik, ba ya shiga ba ya fita, za ka rantse babu rai a wurin.

Maganar rana kuma tana da alaƙa da tambayar da ya yi maka ta biyu. Fatsa iri biyu ce a irin wannan ruwa. Akwai ta jefa-ka-jira, akwai ta gani-ka-jefa. A ta biyun jagora yakan kashe inji, ya hau wani ɗan dandamali da ke bisa injin a bayan jirgi, ya riƙa tura jirgin a hankali da doguwar sanda mai kamar mita 6, kai kuma kana tsaye a goshin jirgi da sandarka a hannu. Daga sama yake hango kifin kafin kai. Zai ce maka "ƙarfe 11, taku 12, yana tafiya hagu". Goshin jirgin shi ne ƙarfe 12, damarka ƙarfe 3, hagunka ƙarfe 9. To wannan ba ya yiwuwa da asuba, don hasken da ke zuwa a kwance yana mayar da fuskar ruwa madubi. Sai rana ta hau sama, daga hantsi zuwa wajen azahar, ido ke ratsa ruwa ya ga ƙasa. Ga shi kuma a ƙarshen Oktoba safiya tana da sanyi, laka baƙa kuwa tana shan rana ta ɗumama ruwan da ke kanta, kifin sai ya hauro.

Kifin da za ku fi nema shi ne jan kifin nan mai launin tagulla, mai baƙin ɗigo a gindin wutsiya. Bari in ba ka yadda na fara ganinsa. Muna cikin wani ɗan tafki a tsakiyar ciyawa, ruwan bai kai kamu biyu ba, shiru kake ji sai ɗigar ruwa daga sandar jagora. Can sai na ga wani abu ya ɗago daga ruwa kamar ganye, yana kaɗawa a hankali, gefensa da shuɗi-shuɗi, ya nutse, ya sake ɗagowa gaba kaɗan. Wutsiya ce. Kifin ya kafa kai cikin laka yana tonon ƙaguwa, ruwan bai isa ya rufe shi ba. Hannuna ya ɗauki rawa. Na ɗan gyara tsayuwa, takalmina ya bugi akwatin ƙanƙara, ƙwas. Ban ƙara ganin komai ba sai gajimaren laka da wata doguwar tsaga a kan ruwa tana nisa. Jagoran bai ce uffan ba, ya ci gaba da tura jirgi. Kifi na ganinka mai jar koma, in ji masu magana, a wannan ruwan kuma har jinka yake yi.

Dalilin kaka a taƙaice: ruwa ya huce, kifi ya samu kuzari, kuma abincinsa yana ƙaura. Jatan landen da suka girma a fadama duk damina suna fita zuwa teku, garken ƙananan kifaye ma haka. Duk mai ci yana cika ciki kafin sanyi. In ka hango tsuntsayen teku sun taru wuri ɗaya suna faɗawa ruwa suna ihu, jatan lande ne ke tsalle saboda ana korarsu daga ƙasa. Kuma a wannan lokacin ne manyan jan kifi ke taruwa a mashigan teku don hayayyafa. Namijin yana da wata tsoka da yake kaɗawa a jikin jakar iskar da ke cikinsa, tana ba da sauti kamar ganga. In ka ɗago shi wani lokaci za ka ji shi yana gurnani a hannunka.

Shawarata ɗaya: ka kira shi ka janye maganar faifan nan. Ka gaya masa gaskiya. Kuma in za ka iya, ka zaɓi ranar da wata ya cika ko ya ɓace, lokacin ne ruwa ya fi motsi.

Injiniya Sule:

Malam Na-Gwangwala ya yi bayani mai kyau, amma da izininsa zan gyara wuri ɗaya, don inda Baban Ilham zai je ba ya bin wannan lissafin. A yawancin gaɓar arewacin Tekun Meziko, har da Luwiziyana, ruwa sau ɗaya yake cikowa ya janye sau ɗaya a yini, kuma bambancin ba shi da yawa, sau da dama bai wuce rabin mita ba. Ƙarfinsa ma ba cikar wata yake bi ba, yana bin yadda wata ke karkata arewa ko kudu ne, zagayen kamar mako biyu. Don haka kada ka kalli sama ka zaɓi rana, ka kalli jadawalin wurin.

Abin da ya fi jadawali ƙarfi a can shi ne iska. Daga Oktoba iskar sanyi takan riƙa saukowa daga arewa lokaci-lokaci. In ta buga da ƙarfi kwana ɗaya ko biyu, tana tura ruwan fadama ta fitar da shi teku, ka ga wurin da aka bi da jirgi jiya ya zama laka tsirara. Iskar kudu kuma tana tara ruwa ta cika fadama ko da jadawali ya ce janyewa. Wannan ne ya sa jagoranka ya ce zai iya sake kira. Ranar da iskar ke bugawa ba ta da daɗi ko kaɗan. Kwana biyu ko uku bayanta, in ta lafa, sama ta yi tas, ruwa ya kwanta, su ne ranakun da jagorori ke addu'ar samu.

Malam Na-Gwangwala:

Na karɓi gyara, Injiniya. Nawa lissafin na gaɓar Atilantika ne, can na fi zama a jirgi. Baban Ilham, bi nasa.

Maman Sadiq:

Ni maganar Baba ce ta dame ni, don duk kun tafi kan kifi kun bar dattijo. Na taɓa fita da mahaifiyata irin wannan, na koyi darasi.

Yaya, ka tambayi jagoran wane irin jirgi ne. Wanda Malam ya kwatanta, na turawa da sanda, siriri ne marar nauyi, ba shi da bango mai tsayi, kuma mai jifa a tsaye yake. Mutum mai shekara 71 da ciwon gwiwa ba zai yi awa huɗu a tsaye a goshinsa ba. Akwai wanda ya fi shi faɗi, mai kujera da wurin jingina, shi ma yana shiga ruwa marar zurfi ko da bai kai wancan ba. In jagoran yana da irinsa, shi za ku hau. Ka kuma tambaya yadda ake shiga jirgin daga gada, wato dandamalin bakin ruwa inda jirgi ke tsayawa, don in ruwa ya yi ƙasa, tazarar sauka tana ƙaruwa, nan ne gwiwa ke shan wahala.

Ga Baba, jefa-ka-jira ce ta dace, kuma kada ka raina ta. Akwai wata totuwar roba da ake ɗaurawa a zare, goshinta a lotse, ƙasanta da ɗan zare kamar kamu uku da ƙugiya ɗauke da jatan lande mai rai. Ka jefa, ka bari ta zauna, ka fizga sau ɗaya ta yi "ɓulum", ka jira. Wannan ƙarar tana kama da kifi yana cafkar abinci a sama, sai na kusa su zo dubawa. In totuwa ta nutse, shi ke nan. Duk wanda ya yi fatsa a kogi ya san wannan wasan, hannunsa zai tuna. Abu ɗaya za ka gaya masa: in ƙugiyar mai lanƙwasa ce kamar zobe, ba a fizgarta da ƙarfi. Naɗe zare kawai ake yi, ita da kanta take kama gefen baki. Mahaifiyata ta zubar da uku kafin ta yarda. Akwai kuma wani kifi mai ɗigo-ɗigo a baya da haƙora biyu a gaba, bakinsa laushi gare shi kamar takarda, in aka ja shi da ƙarfi ƙugiya ta yage ta fita.

Kaya: riga a kan riga, don da safe in jirgi na gudu sanyi har ƙashi, da azahar kuma ka nemi cirewa. Hula mai baki. Tabarau mai kashe ƙyallin ruwa, ba na ado ba, in da hali mai gilashi ruwan ƙasa-ƙasa, ku biyu duka. Takalmi mai taushin ƙasa. Magungunansa a jakar da ruwa ba ya shiga. Kuma kada wani ya ce zai sauka ya taka. Ƙasan akwai ɓawon kawa mai yanka kamar reza, akwai kunamar ruwa, wani faffaɗan kifi mai ƙayar dafi a wutsiya, da ke kwanciya cikin laka, kuma ciwo a ruwan gishiri mai ɗumi ba abin wasa ba ne ga dattijo, musamman mai ciwon suga ko na hanta.

Ɗan Gaba-da-Gaba:

Ni ban ce jagoranka macuci ba ne, amma kada a sa ka ɗauka duk mai jirgi waliyyi ne. Na taɓa fita da wani, ba zan kama suna ba, tun da muka tashi yana waya, ya kai mu wuri ɗaya ya jefa anga, muka zauna awa uku ruwa na tsaye, da na yi magana ya ce kifi ba ya ci yau. Muna dawowa na ga wasu suna jiransa a gada. Saboda haka zarginka ba hauka ba ne. Tambaye shi kai tsaye ko yana da fita kafin taku. In ya ce babu, magana ta ƙare.

Ka kuma tambaye shi waɗannan tun yanzu. Yana da lasisin kyaftin na hukumar tsaron gaɓar Amurka? Wanda yawancinsu ke riƙewa na ɗaukar fasinja har 6 ne. In an fasa saboda yanayi, kuɗin da ka ajiye yana dawowa ko sai dai a sauya rana? Wannan ba ƙaramar tambaya ba ce, don lokacin guguwar teku a yankin bai ƙarewa sai 30 ga Nuwamba, masu yabon kaka ba su cika faɗin wannan ba. Awa huɗun daga gada ake ƙirgawa ko daga jifan farko? Sannan lasisin kamun kifi. A jihar Fulorida na jirgin haya yana rufe fasinjojinsa, amma a Luwiziyana kowa da nasa, akwai na kwana 3 da aka yi don masu hawa jirgin jagora. Ka yanka naka da na Baba ta intanet kafin ranar.

Kuma ka shirya wa Baba zuciya kan doka, don na san dattawanmu da kifi in ya shiga hannu. Tun 2024 jan kifi a Luwiziyana guda 4 ne ga mutum a rana, tsawonsa daga inci 18 zuwa 27. Wanda ya wuce 27 sakinsa ake yi, komai kyansa. Dalili kuwa, ƙananan suna zama a fadama shekarunsu na farko, manyan su ne iyaye masu zuba ƙwai, kuma suna iya haura shekara 40 a raye. A shekarun 1980 an yi musu kamun da ya kusa karya su, tun daga lokacin aka hana ɗibarsu a ruwan gwamnatin tarayya na wannan tekun. Don ka san girman da suke kaiwa, mafi girma da aka kama da sanda ya haura kilo 42, a tsibirin Hataras na Karolaina ta Arewa, 1984. Akwai kuma kifin nan shimfiɗaɗɗe mai idanu biyu a gefe guda. Kaka ce lokacin fitarsa teku don hayayyafa, shi ya sa aka rufe kamunsa a jihar daga 15 ga Oktoba zuwa 30 ga Nuwamba. Ranarku tana ciki. Dokokin nan suna canzawa, ka sake dubawa kafin ku tafi.

Baban Ilham:

'Yan uwa na dawo da labari, mun je mun dawo lafiya. Allah ya saka wa kowa.

Na kira shi kamar yadda kuka ce. Na fara da tambayar Ɗan Gaba-da-Gaba, ya ce ba shi da kowa kafin mu, in ina so ma in zo gada da asuba in taya shi wanke jirgi. Sannan na janye maganar faifai. Ya yi dariya ya ce kusan kowa haka yake ce masa, a jifan farko yake gane gaskiya. Da na ambaci gwiwar Baba, nan take ya ce to ba ƙaramin jirgin ba, zai fito da mai faɗin. Hajiya Maman Sadiq, wannan ladanki ne.

Ya kuwa sake kira. Iskar arewa ta sauko ana saura kwana biyu, ya matsar da mu daga Alhamis zuwa Asabar. Ranar da muka fita sama ba ko ɗigon gajimare, sanyi na cizon kunne, bakin fadama duk laka a waje tana ƙyalli, zalɓe na tsaye a kanta jefi-jefi. Ya ce ruwan ya yi ƙasa fiye da yadda jadawali ya nuna, don haka tafkunan cikin ciyawa ba za su shigu ba, kifin duk ya gangaro bakin magudanai. Baba yana zaune ya naɗe hannu, bai ce komai ba, amma na san fuskar nan. Fuskar "ƙarfe 10 ake fita fatsa" ce.

Wuri na farko minti 20 ba ko taɓi. Na biyu ma haka. Jagoran bai jira ba, ya ɗaga muka ƙara gaba. A na uku ya kashe inji tun daga nesa, ya bar iska ta tura mu, ya nuna wata 'yar tsaga a cikin ciyawa wadda ni da zan wuce ta sau ɗari ban kula ba. Ruwa na fitowa daga cikinta a hankali, launinsa ya ɗan fi na waje duhu. Ya ce wa Baba ya jefa daidai inda launin biyu suka haɗu. Baba ya jefa daga zaune, ba wani ɗaga hannu sosai, totuwa ta sauka daidai wurin kamar da hannu aka ajiye ta. Jagoran ya juyo ya kalle ni, ya ce ashe ga mai faifan nan.

Fizga ta biyu totuwa ta ɓace. Baba ya manta duk abin da na gaya masa ya fizge da ƙarfi, ƙugiya ta dawo fayau. Ya yi tsaki. Aka sa wani jatan landen. Wannan karon ya daure ya naɗe kawai, sai sanda ta lanƙwashe, zare ya fara fita da ƙara. Ya kai minti biyar yana fama, kifin ya zagaya jirgi, Baba yana ta "kai, kai, kai", ya miƙe tsaye bai ma san ya miƙe ba, ni na riƙe masa ɗamara ta baya. Da aka ɗago shi, jan ne, inci 25, ɗigo biyu a wutsiya maimakon ɗaya. Ya kama huɗu a wannan bakin magudanar, ɗaya bai kai awo ba aka mayar.

Ni kuwa na samu damata wajen ƙarfe 1. Jagoran ya hango wani babba yana tafe a gefen laka, bayansa a waje rabi, yana tura ruwa gabansa. Ya ce ƙarfe 2, taku 10, jefa gabansa da kamar taku ɗaya. Ina ganinsa ƙuru-ƙuru, tabarau ya yi aikinsa. Na jefa wani ƙarfen yaudarar kifi mai siffar cokali da ruwan zinare, ya sauka a tsakiyar kansa. Malam Na-Gwangwala, na ga gajimaren lakar da ka faɗa. Na samu ɗaya daga baya, amma da totuwa, kamar kowa.

Rigima ɗaya aka yi. Dab da tashi Baba ya jawo shimfiɗaɗɗen nan, faɗinsa ya kai faranti, ya juya shi yana mamakin cikinsa fari fat da idanu biyu a gefe ɗaya. Jagoran ya jiƙa hannu, ya zare ƙugiya, ya zura shi ruwa. Na riga na yi wa Baba bayani tun a gida, ya ce ya ji, amma da ya ga ya tafi sai ya bi wurin da kallo ya ce, "Yanzu shi wannan ya san kwanan wata ne?" Har muka iso gada yana mita, yana kuma tambayar jagoran ranar da ake buɗewa.

Tambaya ta ƙarshe ga masu sani: na sayi sanda da manaɗin zare nawa bayan mun dawo, na ajiye faifai a tsakar gida ina gwadawa, cikin jifa 10 ina samun 2. In na kai su ruwan gishiri, wanke su da ruwan famfo kaɗai ya isa, ko sai an kwance manaɗin an sa masa mai duk fita?